Gano Musabbabin Ƙara da Rawar Sitiyari a Ƙafar Gaba ta Motar da Aka Rage wa Tsayi

1.0 Ƙafar gaba da tsayin da aka ƙera ta a kai

Yawancin ƙananan motoci masu ja da tayoyin gaba suna tsaye ne a kan tsarin ƙafa iri ɗaya, wanda ake dangantawa da injiniyan nan na Amurka, Earle S. MacPherson, kuma ya bazu bayan fitowar Ford Consul a Ingila a 1950. Tsarin ba shi da tarkace. Shokazoba da sifirin suna haɗe wuri guda, kansu yana zaune a jikin bodi a kan roba da boris, gindinsu kuma yana riƙe da ƙarfen da ke ɗauke da taya. Daga ƙasa akwai lowa-am, bushin biyu na riƙe da shi ta ciki, boljoyin ta waje. Tayarod ne ke kawo juyin sitiyari, shaf ke kawo ƙarfin injin, sitabilaiza kuma ta haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage kwanciyar mota a kwana. Kowane ɗaya daga cikinsu an yanka masa tsawo da kusurwa ne bisa tsayi guda, wato wanda kamfani ya ba motar.

Hanyoyin rage wa mota tsayi sanannu ne. Akwai gajeren sifirin da kamfanoni irin su Eibach da H&R na Jamus ke yi, wanda yawanci yakan sauke mota da milimita 25 zuwa 40. Akwai shokazoba mai zare a jiki, irin ta KW ko Bilstein, wadda ake murɗa mazaunin sifirin ɗinta sama ko ƙasa gwargwadon tsayin da ake so. Akwai kuma ta ganganci, wato a yanke zagaye ɗaya ko biyu daga sifirin na asali, ko a gasa shi da wutar walda har ya lotsa. Wannan ta ƙarshe kashe ƙarfen take yi, kuma bai kamata makaniken kirki ya sa hannunsa a ciki ba. A Turai da Amurka da Japan ana sauke mota ne don kwalliya da riƙon hanya a kwana. A Kano ko Kaduna ko Maraɗi kuwa ɗaga mota aka fi nema saboda ramuka, amma matsalar takan iso gareji ta ƙofa biyu: motar Kwatano da ta shigo da gajeren sifirin tun daga Turai mai saye bai sani ba, da motar haya wadda lodi da shekaru suka gajiyar da sifirin ɗinta har ta zauna. Ko da gangan aka sauke mota ko gajiya ce ta sauke ta, abin da ke samun ƙafar iri ɗaya ne.

Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, a irin wannan mota ƙarfen da ke kuka sau da yawa lafiyarsa ƙalau, an dai tilasta masa aiki ne a kusurwar da ba tasa ba. Wanda ya lalace kuma, in aka canza shi ba a gyara kusurwar ba, sabon ma sahunsa zai bi. An ɗauki Volkswagen Golf ƙarni na 4, wadda aka fara ƙerawa a 1997, a matsayin misali, domin kusan duk matsalolin da za a ambata suna fitowa a jikinta ƙarara, kuma mota ce da kanikawan ƙasar Hausa suka saba da ita.

2.0 Abin da ke sauyawa idan bodi ya sauka

Abu na farko da ke raguwa shi ne filin da taya ke da shi na hawa sama. A tsarin MacPherson taya da shokazoba kusan tare suke tafiya, don haka motar da aka sauke da milimita 40 ta yi asarar kusan milimita 40 daga tafiyar shokazobarta. A kan sandar shokazoba akwai wata robar kumfa mai tauri, robar tokari, wadda ke tare ƙafa idan ta zo ƙarshen tafiyarta. A mota mai cikakken tsayi sai an faɗa babban rami ake kaiwa gare ta. A wadda aka sauke ba a gajarta robar ba, ba a kuma sa shokazoba mai gajeren jiki ba, motar tana iya zama a kan robar ko a tsaye take, sifirin ya koma ɗan kallo. Idan kuma taya ta rataya, gajeren sifirin yakan saki mazauninsa, ya dawo ya zauna a karkace. Yanke sifirin yana ƙara masa tauri, domin in an cire 1 daga zagaye 6 masu aiki, tauri ya ƙaru da kashi 20 cikin 100, alhali shokazobar asali ba a auna ta da wannan nauyin aiki ba.

Sai kusurwoyi. A tsayin asali lowa-am yakan ɗan gangara daga ciki zuwa wajen taya. Idan bodi ya sauka, ƙarshensa na ciki yana sauka tare da shi, na waje kuwa yana nan inda taya ta riƙe shi, sai ya miƙe, in an matsa ma ya koma yana kallon sama. Boljoyin sai ya riƙa aiki a gefen kwaminsa. Tayarod ma haka, kuma da yake tsawonsa da mazauninsa ba ɗaya suke da na lowa-am ba, duk hawa da saukar taya na ɗan juya ta hagu ko dama ba da izinin direba ba. Daga nan ne fizgar sitiyari a kan gargada take tasowa. Kan taya yana kishingiɗa ciki, saitin gaban tayoyin kuma yana gocewa, kuma wannan na biyun ya fi cin taya: in taya ta goce da rabin digiri kacal, ana jan ta a kaikaice kusan mita 9 a kowace kilomita.

Bushin ne aka fi zalunta, kuma shi aka fi mantawa. Ba juyawa yake yi a kan noti ba, kamar yadda da yawa ke zato. Robar manne take da bututun ciki da na waje, noti ya danne na cikin ya hana shi motsi, saboda haka duk motsin ƙafa murɗa robar yake yi. An tsara ta ne ta kasance a sake lokacin da mota ke tsaye a tsayinta, ta murɗu nan ko can in taya ta hau ko ta sauka. Idan aka sauke mota ba a sassauta notin an sake ɗaure shi a sabon tsayin ba, robar a murɗe za ta kwana, a murɗe za ta tashi. A lowa-am mai tsawon milimita 350, saukar milimita 40 murɗa ce ta sama da digiri 6 tun motar ba ta motsa ba. Wanda ya ɗaure notin alhali mota na rataye a kan jak ya fi wannan ɓarna. Bushin ɗin baya na lowa-am ɗin Golf 4 wani iri ne dabam: a kwance yake, notinsa a tsaye, kuma an huda ramuka a robarsa don laushi. Saukar mota na karkata shi dindindin, kuma daga bakin ramukan nan yake fara tsagewa.

3.0 Tambaya, awo da gwajin hanya

Bincike yana farawa ne da bakin mai mota. Ana son sanin abin da aka sa mata, ko an canza rim, ko an yi alaimen bayan aikin, da kuma ranar da alamar ta fara. Ƙarar da ta fara ranar da aka sauke motar kuskuren ɗauri ce ko gugar ƙarfe da ƙarfe. Wadda ta zo bayan watanni lalacewa ce da sabuwar kusurwar ta haifar. Akwai kuma wadda tana nan tun da, laushin sifirin na asali ne ya rufa mata asiri, taurin sabon ya tona.

Daga nan sai awo. A ajiye mota a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna daga tsakiyar rim zuwa leɓen madigadi a kowace ƙafa. Wannan awon bai damu da iskar taya ko girmanta ba. A kwatanta da adadin da ke littafin kamfani, in babu shi a auna 'yar'uwarta da ba a taɓa ba. Bambancin da ya haura milimita 10 tsakanin hagu da dama abin bibiya ne, domin yakan nuna sifirin da ya karye ko ya zauna a karkace. Don sanin sauran filin shokazoba, a ɗaura siririn maɗaurin leda a jikin sandarta, a tura shi ƙasa har ya taɓa bakin shokazobar, a zaga da motar a hanyar da ta saba bi. Duk inda maɗaurin ya tsaya, nan ne iyakar hawan ƙafar. In an same shi ya nutse cikin robar tokari, an samu rabin amsa. Alli ma yana da amfani: a shafa shi a jikin shaf, da sitabilaiza, da cikin madigadi, da gefen sifirin na wajen taya. Inda ya goge, nan ake guga.

A gwajin hanya mutum biyu ake so, ɗaya na tuƙi ɗaya na saurare, gilasai a buɗe, rediyo a kashe, kuma an kwashe jak da sifanoni daga but. Tambayar da ake neman amsarta guda ce: me ke tayar da alamar? Rami ne, ko juya sitiyari, ko taka totur, ko taka birki, ko kuwa gudu kawai? Kowanne a gwada shi shi kaɗai. Tuƙi a hankali kusa da katanga yana dawo da ƙara kunne, ya nuna ɓangaren da take fitowa. Wannan rabin awa ta fi araha nesa ba kusa ba a kan aika yaro Ƙofar Ruwa ko Panteka sau uku ana canke.

4.0 Ƙararraki da masu su

Ƙwal-ƙwal mai sauri a kan ƙananan ramuka, wadda ke ɗaukewa a kan kwalta mai santsi, linkej ɗin sitabilaiza ne abin zargi na farko. Gwajinsa a tudun rage gudu yake. In an hau tudun kai tsaye, tayoyin biyu suna tashi tare, sitabilaiza ba ta murɗuwa, sai a ji shiru. In an hau a kaikaice, taya ɗaya kafin ɗaya, sai ƙarar ta fito. Don tabbatarwa a kwance linkej na ɓangarorin biyu, a ɗaure sitabilaizar inda ba za ta taɓa komai ba, a yi 'yar gajeriyar tafiya a hankali. A motocin da linkej ke ɗaure a jikin shokazoba, kamar Golf 5 da Corolla da dama, shokazoba mai zare takan sauya wurin ɗaurin, sai na asali ya yi tsawo ko ya gaza, ya riƙa aiki a danne. Sabon linkej mai tsawon asali a nan ba ya daɗewa; mai daidaituwar tsawo ake buƙata. Golf 4 kuwa tata matsalar sananniya ce: hannun sitabilaizarta ya bi ta saman shaf ne, to idan bodi ya sauka sosai sai shaf ya riƙa gugar ta, ya bar zobe mai sheƙi a jikinsa. In an ƙara sauke ta, dogon shaf na dama yakan kai ga bugun shasi kansa a rami ko a kwana. Duka ƙarafan nan lafiyayyu ne, wuri ne ya yi musu kaɗan.

Gum mai nauyi da ake ji har a ƙashin baya idan an faɗa babban rami, ƙarewar tafiyar shokazoba ce, kuma gwajin maɗaurin leda ya riga ya nuna ta. Shokazobar da ta daɗe tana shan wannan duka takan fara yoyon mai, daga nan ita ma ta shiga ƙara.

Kan shokazoba yana da nasa kukan. Idan mota na tsaye aka juya sitiyari aka ji ɓas, ko ƙarar sifirin na tsinkewa daga riƙo, boris ɗin sama ne ya cije: sifirin na murɗuwa, ya tara ƙarfi, ya kuɓuce. Mutum ɗaya ya ɗora tafin hannu a bayan sifirin, ba tsakanin zagayensa ba, ɗayan ya juya sitiyari. Fizgar a hannu ake jin ta. Sau da yawa ba tsufa ba ne, an sa boris ɗin a kife ne ko an bar wata washa a ƙasa lokacin haɗawa. Notin kan sanda ma yakan zauna a sake, musamman in da bindigar iska aka ɗaura shi, domin sandar juyawa take yi tare da notin in ba a riƙe ta da makulli ba. A nan akwai tarkon da ya cinye kuɗin mutane da yawa. A Golf 3 da Golf 4 nauyin mota ne ke danne kan shokazoba a mazauninsa, don haka in an ɗaga motar taya ta rataya, ana iya ganin wasa a wurin. Haka aka ƙera shi. Hukunci a kansa sai mota na tsaye a kan tayoyinta.

Sifirin ɗin kansa a duba ko bakinsa ya tokare a gurbin da aka yi masa a mazauni, ko ba a juya samansa ƙasa ba. Gajeren sifirin yakan zo da wasu zagaye masu kusa da juna waɗanda ke haɗuwa idan nauyi ya sauka. In robar da aka sa musu ta cinye, sai su riƙa ƙaras-ƙaras, tsatsa mai launin ja kuma ta bayyana tsakaninsu.

Ƙwan guda ɗaya da ake ji lokacin taka birki, a sake ji lokacin tashi, na bushin ɗin lowa-am ne. A tsaya a gefe a sa ido a kan taya, direba ya taho a hankali ya taka birki da ƙarfi. Tayar da ta ja baya cikin madigadi ta dawo ta tona asirin bushin ɗinta. Boljoyin da tayarod kuwa a kan jak ake gwada su: a riƙe taya sama da ƙasa a girgiza, sannan hagu da dama, wani na riƙe da gaɓar yana jin wasa. Hannu kaɗai ba ya isa ga boljoyin, sai an sa liba tsakaninsa da lowa-am. Kan tayarod na ciki yana ɓoye cikin roba, ta nan ake matsa shi a ji. Wasu daga cikin ƙararrakin nan suna iya jiran ƙarshen wata, amma ban da boljoyin. In ya fice ana gudu, taya kwanciya take yi, shaf ya zare, sitiyari ya tashi daga aiki. Motar da aka samu wasa a boljoyinta bai kamata ta bar gareji ba.

Sauran ba su da wuyar ganewa. Kas-kas-kas a kwana mai tsanani ana kan totur, kan shaf na waje ne, kuma galibi za a tarar robarsa ta yage giris ya watsu. Shuu a kwana ko da lodi, taya ce ke gugar madigadi. Gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ya sauya murya in an karkata hagu ko dama, boris ɗin taya ne, sai dai tayar da ta ci gefe tana kwaikwayonsa, don haka a shafa ta da hannu kafin a yanke hukunci.

5.0 Rawar sitiyari

Rawa iri uku ce bisa abin da ke tayar da ita, kuma kowace da gidanta. Ta farko ita ce mai bin gudu, wadda ke farawa wajen kilomita 80 a awa, ta yi tsanani wajen 100, wani lokaci ta lafa in an wuce 120. In an saki totur ko an sa giya a firi rawar ba ta sauya ba, to daga taya ko rim take. Lissafi ya bayyana dalilin da ya sa ta zaɓi wannan gudun. Taya mai lamba 195/65 R15 ko 205/55 R16, waɗanda Golf 4 ke zuwa da su, kewayenta kusan mita 2 ne, saboda haka a gudun kilomita 100 tana juyawa sau 14 a sakan ɗaya. Ƙafar mota kuwa, da nauyinta da taurin tayarta, tana da tata rawar ta ɗabi'a tsakanin sau 10 zuwa 15 a sakan. Idan biyun suka dace sai ƙaramin laifi ya zama babba. Rashin daidaito na giram 30 a bakin rim mai inci 16 yana fizgar ƙafa da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 5, sau 14 kowane sakan.

Rage tsayi ba ya haifar da wannan kai tsaye, abokan tafiyarsa ne ke haifarwa. Wanda ya sauke mota yawanci yakan canza rim. Taya 195/65 gefenta milimita 127 ne, ta 225/40 R18 kuwa 90, ga tauri, don haka ba ta shanye komai, kuma rami ɗaya ya isa ya lanƙwasa rim. Ramin tsakiyar rim ɗin kasuwa yakan kai milimita 73.1 don ya shiga motoci da yawa, alhali cibiyar Golf milimita 57.1 ce. In babu zoben da ke cike wannan giɓi, rim yakan zauna a goce, kuma ko sau nawa aka kai shi injin balansin zai nuna sifili, domin a kan injin a tsakiya yake zama, a kan mota ne yake gocewa. Notin Volkswagen na asali gindinsa zagayayye ne, rim ɗin kasuwa da yawa kuwa mazauninsu mai tsini ne na digiri 60. Haɗa su rawa ce da kuma kwancewar noti. Rim mai fitowa waje, ko faifan da ake sawa a bayansa, yana nesanta tsakiyar taya daga layin da take juyawa a kai, sai kowace 'yar fizga ta samu dogon hannu zuwa sitiyari. Gwaji mafi sauƙi shi ne a mayar da tayoyin gaba baya. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, laifin na taya ne ko rim. In ma ana iya aron rim da tayoyin asali daga wata motar, ya fi. Rangajin da ake ji a ƙaramin gudu, kilomita 20 zuwa 40, alamar wayar taya ce ta rabu, abin da ya yawaita a tayoyin gwanjo. Lambobi 4 na ƙarshe a jerin DOT suna faɗin shekarunta: 2319 na nufin mako na 23 na 2019.

Ana yawan tura mai wannan matsala wurin alaimen. Gocewar saiti ba ta sa rawa da kanta, jan mota gefe take sawa da cin taya. Tayar da ta ci tudu da kwari ce ke rawa daga baya, kuma ita alaimen ba ya warkar da ita.

Ta biyu ita ce mai bin totur, kuma ita ce ta fi alaƙa da rage tsayi. Ana jin ta lokacin da ake jan mota da ƙarfi, ta ɗauke nan take in an ɗaga ƙafa. Gidanta kan shaf na ciki. Kan waje, irin wanda Alfred Rzeppa na kamfanin Ford ya ƙirƙira, an yi shi ne don manyan kusurwoyin sitiyari. Na ciki aikinsa dabam: yana zamewa ciki da waje don shaf ya tsawaita ko ya gajarta yayin da taya ke hawa da sauka, kuma ƙaramar kusurwa yake so. A motoci da yawa mai ƙafa uku ne, gare-gare uku na gudu cikin kwaroro uku. Idan kusurwa ta ƙaru, gogayyarsu na tura shaf ciki da waje sau 3 a kowane juyi. A gudun kilomita 30 taya na juyawa kusan sau 4 a sakan, turin ya zama kusan sau 12, wanda ya yi kusa da rawar ɗabi'a ta injin a kan robobinsa. Shi ya sa gaban motar ke kaɗawa hagu da dama lokacin tashi. Shaf mai milimita 450 tsakanin kawunansa, in an sauke mota da milimita 40, kusurwarsa na sauyawa da kusan digiri 5. Sauka kaɗan tana iya miƙar da shaf ɗin ma, sai an zarce ne kusurwar ke juyewa ta girma. Amma ko a sauka kaɗan akwai wata illa: tsohon kan shaf ya riga ya ci gurbi a inda ya shekara yana aiki, sabon tsayi kuma ya tura gare-garen bakin wannan gurbi, suna hawa suna sauka. Shaf ɗin da bai taɓa kuka ba sai ya fara washegarin aikin. Kafin a ɗora masa laifi a duba robobin injin da na giya, domin wadda ta lotsa ita ma sauke kan shaf na ciki take yi. A kuma tabbatar, mota na tsaye a ƙasa, shaf na da ɗan filin zamewa in an tura shi da hannu. Wanda ya tokare yana cin boris ɗin giya.

Ta uku mai bin birki ce, kuma maganarta gajeriya ce. Faifan birki ne kaurinsa ya bambanta daga wuri zuwa wuri, kuma bambancin milimita 0.02 ya isa a ji shi a sitiyari da feda. Asalinsa galibi tsatsa ce a fuskar cibiya ko notin da aka ɗaure ba daidai ba, faifan ya zauna a karkace ya ci gefe. Ana auna karkatar da agogon awo, kuma kamfanoni da yawa ba sa yarda ta wuce wajen milimita 0.05. Notin tayar Golf 4 Nm 120 yake so, da sifana mai awo, ana tsallake ɗaya ana ɗaure ɗaya, ba hawa kan sifana da ƙafa ba. Bushin da ya tsage da tayarod mai wasa ba su ne tushen ko ɗaya daga rawar nan uku ba, amma suna ninka kowace, don haka ana samun motar da ke da laifi biyu a lokaci guda, a gyara ɗaya rawa ta ragu ba ta tafi ba.

6.0 Tsarin gyara

Yawancin gwajin da aka ambata suna buƙatar nauyin mota a kan tayoyinta, domin mota a rataye tana komar da kowace gaɓa kusurwar da ba a nan take kuka ba. Ramin gareji ya fi jak amfani a wannan aiki. In dole sai an ɗaga, a sa matokari na ƙarfe, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma kada a kwance notin kan shokazoba sai an matse sifirin da abin matse shi.

Gyara yana da jeri, kuma saɓa shi biyan kuɗi biyu ne. Tsayi ake fara tsayarwa, sannan a canza abin da ya lalace, a ɗaure duk notin bushin mota na tsaye a sabon tsayinta, a daidaita tsawon linkej, a gyara zaman rim da balansin. Alaimen shi ne na ƙarshe, bayan motar ta ɗan yi tafiya sifirin ya zauna. A Golf 4 saitin gaban tayoyi ne ake iya gyarawa sosai, kishingiɗar taya kuwa kamfani bai bar mata wurin saiti na kirki ba, tsayi ne ke mulkin ta.

Akwai iyakar da sayen kaya ba ya ƙetarewa. Motar da shaf ɗinta ke bugun shasi, ko take zaune a kan robar tokari, ko lowa-am ɗinta ke kallon sama, an sauke ta fiye da abin da ƙafarta za ta ɗauka. Yanke shasi don ba shaf wuri, ko cire sitabilaiza gaba ɗaya, kamar yadda wasu ke yi, kashe ƙara ne da raunana mota. Wajibin makanike ne ya gaya wa mai ita gaskiya: a ɗaga ta har alli ya daina gogewa kuma maɗaurin leda ya daina kaiwa ga robar tokari, in kuwa sifirin yankakke ne ko gasasshe, a cire shi a sa lafiyayye kafin a taɓa komai.